Ankar rodi mai ƙugiya huɗu: ta riƙe ni a Kainji, amma ba a ko'ina ba

Sana'ata sayen kifin banda a tungayen masunta da ke tsakanin Yauri da Warra, kuma a cikin jirgi muke kwana ni da yarona har sai kaya sun cika. Da dutse muke tsayar da jirgi, kamar kowa. Bara na sayi anka wurin wani mai walda a Yelwa, irin wadda ake lanƙwasa rodi huɗu a jikin bututun ƙarfe, a sa zobe a sama. Kuɗinta bai kai na jarkar fetur biyu ba.

Amfaninta yana fitowa ne a farkon damina, Afrilu zuwa Mayu, lokacin da hadari ke tasowa daga gabas da la'asar. Iska ce ke fara zuwa kafin ruwa, kuma ita ce mai kifar da jirgi. A tafkin Kainji da ya haura kilomita 100 a tsawo, raƙuman ruwa na samun filin girma. Da mun ga gabas ta yi baƙi sai mu nemi gaɓar gabas mu laɓe, mu jefa anka, mu ɗaure igiyar a goshin jirgi don ya fuskanci iska. Sai a ja tamfol a rufe kwandunan kifi, yaro ya zauna da roba yana kwashe ruwa, ni kuma hannuna na kan igiya. Idan tana karkarwa tana fizga, ankar na jan ƙasa ke nan. Idan ta miƙe ta yi shiru, ta kama. A ƙasa mai tsakuwa ko saiwoyi, wallahi ba ta taɓa sakina ba.

Sai dai sirrin ba a ƙarfen kaɗai yake ba. Na sa mata sarƙa gaba biyu kafin igiya, kuma ina sakin igiya ninki biyar na zurfin ruwa, in iska ta yi tsanani ninki bakwai. Wanda ya ɗaure gajeriyar igiya, ko ankar jirgin Legas aka ba shi za ta tumɓuke.

A laka mai laushi kuwa ba ta da ta cewa. Ƙugiyoyin sirara ne, sai su yi ta yanka lakar jirgi na tafiya. A irin wurin nan har yanzu ina haɗa ta da tsohon dutsena.

Matsala ta biyu kututture. Tun da aka gama madatsar a 1968 ruwa ya shanye daji da garuruwa, har da tsohuwar Bussa, itatuwan kuma suna nan a ƙasa. Anka kan maƙale ta ƙi fitowa. Wani dattijo cikin Sarkawa masunta ne ya ce min, "Ɗana, ɗaura siririyar igiya a gindinta, ka sa galan a ɗaya bakin." Galan ɗin na yawo a saman ruwa, in ankar ta maƙale sai ka kamo siririyar igiyar ka ja ta baya, ta fito.

Waldar zoben ta fara tsatsa tun damina ɗaya, na mayar an ƙara mata wuta. In za ka saya, ka duba zoben kafin komai, kuma ka ce a yi maka da rodi mai kaurin milimita 12.