Shagon fotokofi da ke riƙe takardun ɗalibai amana a Damagaram

Shekara uku ke nan ina zirga-zirga a shagunan fotokofi na garin Damagaram saboda ɗan ƙanwata da nake riƙo, wanda ke karatu a Jami'ar André Salifou, kuma a cikin dukkan shagunan da na shiga guda ɗaya ne na ga ya cancanci in zauna in yi rubutu a kansa. Ƙaramin shago ne a kan hanyar da ɗalibai ke bi zuwa jami'a, mai injin fotokofi biyu da na'urar sikana ɗaya da kwamfuta uku. Ba zan ambaci sunansa ba, domin ɗaliban da ke bin hanyar sun san shi, kuma abin da nake so a gane shi ne irin aikinsa, yadda duk wanda zai kai takardunsa wani wuri zai san abin da ya kamata ya nema.

Tun da aka kafa jami'ar a 2010, tare da na Maraɗi da Tawa, yaranmu da yawa sun huta da tafiya Yamai, amma ba su huta da haɗa takardu ba. Karatun lisans, wato digirin farko, shekara uku ne, zango shida, kuma kowane zango yana da takardar sakamakonsa. Ɗalibin da zai nemi kuɗin tallafi a hukumar ANAB, ko ya nemi gurbin karatun masta, ko ya shiga jarrabawar neman aikin gwamnati, sai ya tara takardar haihuwa, da ta shaidar zama ɗan ƙasa, da ta bak, wato jarrabawar kammala sakandare, da takardun sakamako, da hotuna, ya kai su a yi masa kwafi kafin ya je a buga musu hatimin tabbatarwa. Duk wanda ya riƙe wannan jaka na minti biyar ya san sunan yaron da na mahaifinsa da na mahaifiyarsa, ya san ranar da aka haife shi da garin, ya san lambar rajistarsa, ya kuma san darasin da ya faɗi. Mutane suna tunanin ofishin jami'a idan aka yi maganar sirrin ɗalibi, alhali takardun suna bi ta hannun mai shago da yaransa su ma.

Abin da ya fara tayar mini da hankali ya faru ne wata rana da yamma, da na sayi gyaɗa a bakin titi aka ƙunsa mini a takarda. Da na buɗe sai na ga takardar sakamakon wata ɗaliba ce, sunanta da makinta duk a fili, gefe ɗaya ne kawai tawada ta yi duhu. Ban san yarinyar ba, amma na san cewa a garin nan, inda kowa ya san gidan kowa daga Birni har Zango, da takardar ta faɗa hannun maƙwabcinta, da kafin sallar isha'i labarin makinta ya zaga unguwa, ya kai har gidan da ake neman aurenta. Da na bincika sai na tarar cewa wasu shagunan suna tara kwafin da ya ɓaci su ba masu ƙosai da masu gyaɗa. A wani shagon kuma na taɓa zama gaban kwamfuta na ga takardun ɗalibai masu yawan gaske da aka yi wa sikana an bar su a fuskar allo, kowace da sunan mai ita, wanda duk ya zauna zai iya kwashe su a makullin USB ɗinsa.

A shagon da nake magana a kansa ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Idan kwafi ya ɓaci, yaron shago zai miƙo maka shi tare da mai kyau, in ka ce ba ka so ya yayyaga shi ƙanana a gabanka, kuma mai shagon ya ce mini da kansa yake ƙona tarkacen idan an tashi. Idan sikana ce, kai tsaye ake zuba ta a makullinka, sannan a goge ta daga kwamfuta, a kuma share kwandon sharar kwamfutar kana kallo, wanda shi ne matakin da yawancin mutane ke mantawa, suna zaton gogewar farko ta wadatar. Allunan kwamfutocin suna fuskantar bango, don haka mai jiran layi ba ya ganin abin da na gabansa ke bugawa. Na kuma ji shi sau da yawa yana tunatar da ɗalibi ya fita daga akwatin imel ɗinsa kafin ya tashi, har ya taɓa bin wani zuwa bakin ƙofa ya dawo da shi saboda wannan.

Ranar da na fi gane halinsa kuwa ita ce ranar da abin ya shafe ni. Yaron nawa ya bar masa takardun sakamakonsa da safe don a haɗa su a yi musu bango, ni kuma na biyo ta wajen da la'asar na ce a ba ni in kai gida. Mai shagon ya san ni sarai, ya san ni ke biyan kuɗin, amma ya miƙe tsaye ya ce: "Baba, ku yi haƙuri, ku bari in kira shi tukuna. Takardunsa ne ya ba ni, in ya ce in ba ku, yanzu zan ba ku." Raina ya sosu, domin a ganina babu abin da yaron da nake ci da shi zai ɓoye mini. Da aka kira shi sai ya roƙa a bar su har ya zo, kuma a daren ya same ni bayan mun ci abinci ya ce: "Kawu, akwai darasi ɗaya da ban ci ba, zan sake jarrabawarsa, na so ku ji daga bakina." Mun yi magana mai tsawo cikin natsuwa, irin wadda ba za ta yiwu ba da a tsakiyar shago na ga makin, a gaban abokan karatunsa.

Abin da mai shagon ya yi da hankalinsa yana da tushe a doka. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutum a 2017, aka sabunta ta a watan Disamba na 2022, kuma akwai hukumar HAPDP da aka ɗora wa alhakin sa ido a kan yadda ake tarawa da adana irin waɗannan bayanai. Kafin nan ma ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta amince da ƙa'ida a kan wannan batu a 2010. Jigon waɗannan dokoki shi ne a karɓi bayanin mutum don wata buƙata sananniya, a tsare shi, kada a miƙa shi ga wani ba tare da hujja ba. A Amurka, dokar FERPA ta 1974 ta keɓanta ne ga takardun karatu, kuma ta ce da zarar yaro ya kai shekara 18 ko ya shiga jami'a, haƙƙin da iyayensa ke da shi a kan takardun ya koma hannunsa, ban da wasu yanayi da dokar ta ware. Wannan doka ba ta aiki a ƙasarmu, kuma tarbiyyarmu ta ba iyaye matsayi mai girma da ban yarda a rage shi ba, amma na ga da idona cewa barin ɗalibi ya kawo labarinsa da kansa bai rage mini komai ba.

Shagon yana da nasa rauni, kuma mafi girma shi ne WhatsApp. Ɗalibai da yawa ba su da makullin USB, sai su turo takardunsu zuwa wayar mai shagon don a buga, ita kuwa wayar tana yawo a hannun yaransa biyu, kuma ko da an goge saƙo, hoton yakan zauna a ma'ajiyar wayar. Na faɗa masa wannan, ya karɓa, ya ce zai ware waya guda ta aiki, amma har zuwana na ƙarshe bai yi ba. Na kuma tambaye shi ko injinsa na fotokofi yana ajiye hoton takardu a cikinsa, kamar yadda yawancin manyan injuna na zamani ke yi, sai ya ce bai taɓa dubawa ba, abin da ya kamata ya bincika kafin ranar da zai sayar da injin ko ya kai shi gyara. Wurin ƙunci ne, a lokacin rajista layi yakan fito har waje cikin rana, kuma idan aka ɗauke wuta aiki ya tsaya ke nan.

Kuɗinsa na fotokofi daidai yake da na kowa, dala biyar a shafi, amma sikana ta ɗan fi ta maƙwabtansa tsada, kuma aikin ya fi jinkiri saboda gogewar da ake yi bayan kowane mutum. Mai son buga katin biki ko takardar wa'azi zai iya zuwa ko'ina. Ɗalibin da ke ɗauke da takardar haihuwarsa da sakamakonsa kuwa, shawarata ya zo nan da sassafe kafin layi ya taru, ya zo da makullinsa na USB maimakon ya tura ta waya, kuma ya ƙirga takardunsa na asali kafin ya bar gaban teburin.