Kafintan da ya lanƙwasa min sikatin a bangon falo

Masu tambaya ta inbox wai wa ya yi min sikatin ɗin falo, wato katakon nan da ake bin ƙasan bango da shi, to ga bayani nan gaba ɗaya kowa ya huta. Bangon da ke tsakanin falo da dainin ba miƙaƙƙe ba ne, magini ya yi masa kwana ya turo ciki waje, kuma duk kafintan da ya zo ya gani sai ya ce a yayyanka katakon guntu-guntu a jera, ko kuma kawai a sa tayil a wuce wurin. Ni kuma gsky katako nake so.

Wannan bawan Allah wani abokina ne ya haɗa mu, da ya zo bai yi dogon surutu ba ya shafa bangon ya ce "Alhaji zai lanƙwasu, amma ba da MDF ba in dai ana mofin da ruwa a gidan nan." Kuma haka ne, MDF allo ne na garin katako da aka matse da gam, da ya sha ruwa kumbura yake yi. Tare muka je kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano ya zaɓi busasshe mara kulli, ya ce wurin kullin nan ne yake fara karyewa.

Aikin kansa wlh abin kallo ne. Ya kifa katakon ya dinga tsaga bayansa da zarton inji, layi-layi kusa da juna tazara kamar faɗin yatsa, zarton na shiga sosai amma baya fasa fuskar, abin da ya bari a gaba bai fi milimita 3 ba, yana ɗagawa sai ga katako yana lilo kamar tabarma. Ya ɗura gam ɗin Top Bond a tsagogin, yaronsa ya danne gefe ɗaya shi kuma yana bin kwanar a hankali yana kafewa da fisha (robar da ake cusawa a ramin bango) da sukuru tunda bangon bulo ne, ƙusa ba zata riƙe ba. Inda kwanar ta fi tsanani sai da ya ƙara tsagar ta matsu sosai kafin ya kwanta.

Inda ban ji daɗi ba, bakin sama tsagogin suna leƙowa, ya cike da garin katako da gam ya goge da sanfefa, amma in ka tsuguna zaka ga alamar su a ƙarƙashin fenti. Da hunturu ya shigo guda biyu sun ɗan buɗe, na kira ya zo ya sake cikewa bai karɓi ko sisi ba, wannan kam na yaba. Sai alƙawari, in ya ce maka bayan azahar to ka sa ran la'asar sakaliya, kuma ƙurar da ya bari uwargida har yanzu mita take.

Kuɗinsa ya ɗara na sauran, amma in bangonka mai kwana ne shi zan ce ka nema, kawai ka kwashe kujeru da labule kafin ya kunna injin nan.