Chambord ko Villandry, idan yini ɗaya ne kawai

Hajiya, kin ce yini ɗaya gare ki a kwarin kogin Loire na Faransa, kuma kina son ganin tsohuwar fada da lambunta, ko Chambord ko Villandry. Ni dai Villandry zan tura ki, amma bari in ba kowanne haƙƙinsa.

Wajen gini, Villandry ba ta kama ƙafar Chambord ba. Sarki François na Ɗaya ne ya sa aka fara Chambord a 1519, ɗakunanta sun haura 400, katangar da ta kewaye dajinta ta kai kilomita 32. A tsakiyar ginin akwai matakala biyu da suka nannaɗe juna kamar tufkar igiya: ke ki hau ta nan, wata ta hau ta can, kuna hango juna ta 'yan tagogi, ba za ku haɗu ba har sama. Sai dai ɗakuna da yawa fayau suke, don shi kansa sarkin kwanakin da ya yi a ciki kaɗan ne. Lambun kuwa a 2017 aka sake shimfiɗa shi. Yana da tsari, amma ginin ya danne shi.

A Villandry lambu ne ke riƙe da gida. Jean Le Breton, ministan kuɗin wannan sarki, ya kammala ginin wajen 1536. Lambun da ake gani yau aikin likita Joachim Carvallo ne da matarsa Ann Coleman, waɗanda suka sayi gidan a 1906. Abin da ya fi kama zuciyata shi ne lambun kayan miya, fili tara masu kusurwa huɗu, an zagaye kowane fangali da gajeren shingen ganye da ake yi wa aski. Kabeji, karas da latas, abin da muke sa a kwando ba ma ko dubawa, an jera su launi bayan launi har sun zama kamar aikin hula. Sau biyu a shekara ake sabunta shukar.

Ki fara hawa hasumiyar gidan Villandry kafin ki sauka cikin lambun, don daga sama zanen yake fita. Villandry na da nisan kilomita 15 daga birnin Tours, Chambord kuma ta wajen birnin Blois take, haɗa su a yini ɗaya gudu ne kawai. Idan da hali, ki je tsakanin Yuni da Satumba, lokacin da fangalai suka cika.