Simulink da Simscape: yadda na same su wajen zayyana babur ɗin tsere mai lantarki

Na shafe watanni ina aiki da Simulink da Simscape, manhajojin kamfanin MathWorks na Amurka da ke gudana a cikin MATLAB, babbar manhajar lissafi ta kamfanin, domin haɗa babur ɗin tsere mai lantarki a kwamfuta tun ba a sayi ƙarfe ko ɗaya ba. A ganina sun cancanci kuɗinsu, musamman ga wanda batir ne babbar damuwarsa.

Domin in gwada su da abin da ke tafiya a kan kwalta, na ɗauki alƙaluman Ducati V21L, babur ɗin da MotoE, gasar tseren babura masu lantarki ta duniya, ta koma hawa a 2023. A shekarar nauyinsa kilo 225 ne, batir kaɗai ya kwashe 110 daga ciki, yana riƙe da kilowat-awa 18, injin kuma yana ba da kilowat 110. Duk wanda ya raba waɗannan alƙaluma zai ga cewa idan mahayi ya murɗa totur har ƙarshe bai sassauta ba, ba za a cika minti 10 ba batir ya ƙare. Ƙarin batir kuwa ƙarin nauyi ne, nauyi kuma yana cin lokaci a wajen birki da shan kwana.

A nan ne Simscape ya burge ni ƙwarai. Ana jera batir da na'urar da ke sarrafa masa wuta da injin da sarƙa da taya a kan allo, a haɗa su da layi kamar yadda suke haɗe a jikin babur, manhajar ta ɗauki nauyin lissafin da kanta. A gwajina na farko na zuba wa layin caji a jadawalin sakamako ido, ina zaton shi ne zai fara kasawa, sai ga layin zafin ƙwayoyin batir yana ta hawa bayan kowace miƙaƙƙiyar hanya, har ya kai iyakar da na sa masa alhali da sauran caji. Wannan hoto guda ya sauya mini tunani gaba ɗaya, na bar neman ƙarin ƙwayoyi na koma kan sanyaya waɗanda ke akwai. Daga baya na bar kwamfutar ta kwana tana sauya yawan haƙoran da sarƙa ke bi da kuma yawan wutar da birki ke mayarwa batir, da safe na tarar da sakamakon a jere.

Sai dai babur ba mota ba ne. Yana kwantawa a kwana, mahayi yana zamewa daga kujera yana saukar da gwiwa, kuma kwaikwayon wannan yana buƙatar Simscape Multibody, ɓangaren da ke kwaikwayon motsin sassan inji, da haƙuri mai yawa. Haka nan lissafin Pacejka, wanda ake auna yadda taya ke riƙe kwalta da shi, yana neman alƙaluman gwaji na ainihi, waɗanda ba kowa ke samunsu ba. Idan aka cike gurbinsu da ƙiyasi, lokacin zagaya filin tseren da allo zai nuna ƙiyasi ne shi ma, komai kyan jadawalin.

Ana biyan kuɗin lasisi, kuma ƙarin akwatunan aiki da yawa kowanne da kuɗinsa, ko da yake na ɗalibai ya fi sauƙi. Wanda aljihunsa bai kai ba yana iya farawa da OpenModelica ko Xcos na Scilab, waɗanda kyauta ne, ya fara da batir da zafinsa kafin ya taɓa batun taya.