Azumin Kwana Uku a Wani Gidan Addu'a Kusa da Jos: Yadda Na Sami Hidimarsu

A ƙarshen watan Maris na 2025 na yi kwana huɗu a wani gidan keɓewa domin addu'a da ke cikin duwatsu a bayan garin Jos, inda ake karɓar Kirista daga kowace ɗarika su yi azumin kwana uku a ƙarƙashin kulawar masu gidan. Ba zan ambaci sunan gidan ba, domin zan faɗi wuraren da suka gaza, kuma na fi so su gyara cikin mutunci. Na isa ranar Laraba 26 ga wata da yamma, muka yi azumi Alhamis da Juma'a da Asabar, aka sallame mu ranar Lahadi bayan sujada. Kuɗin da na biya, haɗe da ɗaki da abincin buɗe baki, bai kai na matsakaicin otal a cikin gari ba.

Tun a teburin rajista na gane cewa mutanen nan sun san aikinsu. Kafin a ba ka mabuɗin ɗaki sai wata ma'aikaciyar jinya ta auna jininka, ta tambaye ka ko kana da ciwon sukari ko gyambon ciki, mata kuma ta tambaye su batun juna biyu da shayarwa. Daga nan ne za a nuna maka irin azumin da ya dace da kai: ko ka sha ruwa kawai har ƙarfe shida na yamma, ko ka bi sawun annabi Daniyel wanda ya yi mako uku bai ci nama ko abinci mai daɗi ba, kamar yadda yake a sura ta 10 ta littafinsa. A gabana wani dattijo mai shan maganin sukari ya nace sai ya wuni bai ci komai ba, sai ta ce masa cikin ladabi, “Baba, Allah bai aiko ka nan ka faɗi ba, ka sha kununka da safe, ka ba shi zuciyarka.” Ta yi daidai, domin ko Ikilisiyar Katolika, wadda take da tsararriyar dokar azumi, ta ɗora wajibcinsa ne a kan masu shekara 18 zuwa 59, kuma ta ɗauke wa marasa lafiya.

Ɗakin da aka ba ni ƙarami ne, mai tsabta, da gado ɗaya da tebur da kujera. A kan teburin akwai sabulu, da ɗan ƙaramin gwangwani cike da man kaɗanya, da wata takarda da aka rubuta Matiyu 6:17 da hannu. Wannan ɗan gwangwani shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai cikin dukan abin da gidan ya tanada. A wurin nan ne Yesu ya gargaɗi almajiransa kada su ɓata fuska irin ta munafukai don mutane su san suna azumi, ya ce mai azumi ya shafa mai a kansa, ya wanke fuskarsa. Na sha karanta ayar, amma ban taɓa ganin wanda ya mai da ita abin taɓawa da hannu ba sai ranar. Na tashi a ikilisiyar da azuminta na farkon shekara ne, kuma abin da na saba gani shi ne leɓe a bushe, fuska a murtuke, yara na lallaɓawa a tsakar gida don kada su taɓo mai azumi. A wannan gida kuwa, da asuba kowa ya fito fes, fuska na sheƙi, ana gaisawa da fara'a, har ba za ka iya bambanta mai shan ruwa kawai da wanda aka ba kunu ba. Da gangan suka tsara haka, domin faston da ke kula da mu ya ce ba a yarda wani ya tambayi ɗan'uwansa irin azumin da yake yi ba.

Tsarin yini ba shi da cunkoso. Ana addu'ar safe da ƙarfe shida, a yi nazarin Littafi Mai Tsarki da hantsi, sannan daga tsakar rana zuwa la'asar a yi shiru, kowa ya nemi gindin dutse ko inuwar itace shi kaɗai. Wayoyi kuma ana ajiye su a ofis sai lokacin buɗe baki.

Ɗakin girki ya cancanci yabo na musamman, duk da cewa sun yi tuntuɓe a ranar farko. Ran Alhamis an kawo mana soyayyen dankalin Turawa da ƙwai, mai ya yi yawa, kuma cikin da ya wuni ba komai bai karɓe shi da daɗi ba. Da muka yi magana, washegari sai aka fara da ruwan ɗumi da kankana, aka bi da kunun gyaɗa, bayan rabin sa'a kuma aka kawo gwaten acha mai ganye da yawa, wanda ya sauka a ciki lafiya lau. Na je na gode wa dattijuwar da ke shugabantar girkin, na same ta a bakin rumbu da mudu a hannu tana auna masara da wake tana zubawa a ƙananan buhuna. Na ce, “Mama, wannan fa na ina ne?” Ta ce, “Ɗana, wannan karin kumallonku ne da abincin ranarku da ba ku ci ba.” Ashe duk abin da aka rage saboda azuminmu ana auna shi a kai wa iyalan da rikici ya raba da ƙauyukansu. Annabi Ishaya, a sura ta 58, ya ce azumin da Allah yake so shi ne a kwance sarƙoƙin mugunta, a raba abinci da mayunwata, a shigo da marasa wurin kwana cikin gida. Tun da na ga mudun nan, yunwar yini ta daina zame mini nauyi, domin na san tukunyar da take cikawa.

Sai dai akwai gyara, kuma wanda ya fi damuna shi ne na harshe. A ɗakuna an ajiye Littafi Mai Tsarki na Turanci kaɗai, koyarwar dare ma da Turanci ake yi, mai fassara na bi a guje yana tsallake rabi. Kusan rabinmu 'yan zumuntar mata ne daga ƙauyuka, waɗanda da Hausa suke addu'a, da Hausa suke waƙa, kuma na ga yadda suke zaune shiru an bar su a baya. Tun 1932 aka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya zuwa Hausa, saboda haka gidan addu'a a ƙasar Filato ba shi da hujjar rasa shi a ɗakunansa. Na biyu, ruwan zafi na wanka yana makara, alhali Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, asubarta akwai sanyi ko a watan Maris. Na uku, a daren Juma'a an bar wata ƙungiya ta yi addu'ar kwana da lasifika har kusan ƙarfe biyu, abin da ya hana masu azumi barcin da jikinsu ke bukata.

Ban je gidan don neman wata al'ajabi ba, amma akwai abin da ya same ni a lokacin shirun ranar Asabar. Shekara biyu ke nan ba ma magana da ƙanena saboda rabon gonar mahaifinmu, kuma na riga na shawo kan kaina cewa ni ne mai gaskiya. Ina zaune a gindin dutse ina karanta Ishaya, sai na kai inda yake tsawata wa masu azumi suna faɗa da jayayya, na kasa wucewa. Ba waya a hannuna, ba abinci, ba wanda zan yi hira da shi in mance, sai ni da ayar. Da aka mayar mana da wayoyi da yamma, kafin in kurɓi ruwa na kira shi, na ce, “Ƙanena, ka yafe mini.” Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, “Yaya, yaushe za ka zo gida?” Irin sauƙin da na ji a ƙirjina a daren nan ban taɓa jinsa a wani azumi ba, kuma na tabbata tsarin shirun da gidan ya shimfiɗa yana da hannu a ciki.

Ranar Lahadi ba a azumi. Faston ya bayyana cewa daga Larabar Toka, ranar da ake fara babban azumin Kirista na kwana 40, wato 5 ga Maris, zuwa jajibirin Ista, wadda ta faɗo 20 ga Afrilu, kwana 46 ne, sai an cire Lahadi shida sannan a sami 40, domin ranar tashin Almasihu daga matattu ranar murna ce ko a tsakiyar azumi. Lahadin da muka yi a can, 30 ga Maris, ita ce ta huɗu, wadda Katolika da Angilika suke kira Lahadin murna, suna ɗauko sunan daga Ishaya 66:10. Aka yi tuwon acha da miyar taushe da naman kaza, 'yan zumuntar mata suka ɗauko tulu da kacau-kacau suka cika farfajiya da waƙa, wannan karon da Hausa. A hanyar komawa gari muka yi ta cin karo da 'yan'uwa Musulmi cikin sababbin kaya, domin a ranar ce aka yi ƙaramar Salla a Najeriya, muka riƙa yi musu barka da shan ruwa ta tagar mota.

Zan koma gidan, kuma na riga na yi wa ƙanena tayin mu tafi tare. Wanda zai je ya riƙe bargo mai kauri, da magungunan da yake sha, da nasa Littafi Mai Tsarki na Hausa, sannan ya roƙi a ba shi ɗaki a ɓangaren da ke nesa da ɗakin taro.