Sharhina kan gasar harbin farantan ƙarfe da na shiga a Amurka

Tunda na ɗora ɗan bidiyon nan nawa ina harbin farantan ƙarfe a waya mutane suke tare ni a nan Katsina, wasu har da fargaba wai mi ya haɗa ni da bindiga, to bari in yi bayani gaba ɗaya kowa ya huta. Gasa ce ta wasa, sunanta Steel Challenge, kuma a jihar Texas na yi ta lokacin da na kai wa ƙanina ziyara, shi dama ya daɗe yana zuwa wani kulob ɗin harbi da ke bayan gari inda suke yinta duk wata. Na biya kuɗin shiga kamar kowa, na ari bindigar ƙanin nawa. Kuɗina dai bai tafi a banza ba, kuma abinda ya fi tsaya min a rai shine yadda suke tafiyar da filin, daɗin harbin ma a baya ya zo.

Kafin komai, ga duk wanda zai je da bizar ziyara ko ta karatu, dokar tarayyar Amurka ta hana mai irin wannan biza riƙe bindiga ko harsashi sai in ya faɗa cikin 'yan keɓantattun da doka ta lissafa, kuma mafi sauƙi a ciki shine ka mallaki lasisin farauta na wata jiha wanda bai ƙare ba. Shi ƙanina ya fara nema min kafin ya bari in taɓa ko harsashi ɗaya. Kar wani ya ce ai abokina ne zai ara min, wallahi sai ka jawo wa kanka da shi masifa a kan abinda bai kai ya kawo ba.

Wasan kanshi ba shi da wuyar ganewa. Wasu mutum biyu ne, Mike Dalton da Mike Fichman, suka ƙirƙiro shi a Kalifoniya a 1981, daga baya a 2007 ƙungiyar wasan harbi ta Amurka mai suna USPSA ta karɓe shi. Tashoshi takwas ne a hukumance kuma kowacce farantan ƙarfe biyar ne a kan sanduna, masu zagaye inci 10 da inci 12, sai manyan masu kusurwa huɗu inci 18 da 24, nisansu daga yadi 7 har 35. Ba ruwansu da ko tsakiya ka samu ko gefe, in dai ka taɓa ƙarfen shikenan, lokaci kawai ake ƙirgawa. Ɗaya daga cikin biyar ɗin shine na rufewa, shi zaka buga a ƙarshe, in ka rufe alhali ka bar wani baka samu ba sai a ƙara maka daƙiƙa 3 a kan kowanne, kuma iyakar abinda za a rubuta maka a zagaye ɗaya daƙiƙa 30 ce. Kowace tasha sau biyar zaka yi, a jefar da mafi muni a tara sauran huɗun, banda tashar da ake kira Outer Limits da ake yi sau huɗu a ɗauki uku saboda ita sai ka taka daga wannan akwatin tsayuwa da aka shata a ƙasa zuwa wancan. Wanda jimillar lokacinshi ta fi ƙanƙanta shi ya ci.

Wannan jefar da zagaye ɗayan gaskiya rahama ce ga sabon shiga, don in hannunka ya yi rawa a farko ka san ba a gama da kai ba.

Yanzu ga abinda nake son mutanenmu su ji da kyau. Daga shiga ƙofa babu wanda bindigarshi ke ɗauke da harsashi, ko kai waye, tana cikin jaka ko cikin kube fanko. Akwai wani tebur da aka ware a gefe yana fuskantar tudun ƙasa, nan kaɗai zaka iya fito da ita ka duba ko ka goge, kuma a teburin nan haramun ne ka taɓa harsashi. Kowa da tabarau a ido da abin toshe kunne, har masu kallo. In layi ya zo kanka sai ka shiga ɗan akwatin da aka shata a ƙasa, alƙalin fili ya tsaya a bayan kafaɗarka da wata 'yar na'ura a hannu wadda ke jin ƙarar harbi tana rubuta lokaci, ya ce ka shirya, sannan ne fa zaka fito da bindiga ka sa mata harsashi. Ya tambaya ko ka shirya, ya ce dakata, sai ka ji ƙiiit a kunnenka. Ni da fistol mai ƙaramin harsashi na .22 na yi, Ruger Mark IV, mu masu irinta bakin bindiga na kallon wata alama a gaba muke farawa yatsa a wajen kunama, su kuma masu fistol mai babban harsashi na 9mm hannuwa sama da kafaɗa suke farawa sannan su zaro daga kube. Ƙarfen nan in ka same shi wani irin amo yake yi, tan, tan, tan, kana ji ka san ka samu ba sai an faɗa maka ba, kuma a tashar Smoke & Hope da farantan suke manya a kusa sai ka ji kamar kar a gama. Kana gamawa alƙali zai ce ka cire gidan harsashi ka nuna mishi ciki fanko ne, ya leƙa da idonshi, ka mayar jaka, sai ya ɗaga murya ya ce fili lafiya, sannan mutane su taka gaba da gwangwanin farin fenti su feshe farantan saboda mai zuwa ya samu masu tsabta a ga inda harsashinshi ya sauka.

A rukuninmu akwai wani dattijo da kana ganin kayanshi ka san ya zuba kuɗi kuma ya daɗe a harkar, bindigarshi ta cije, garin gyarawa bakinta ya ɗan karkato ya wuce layin da aka haramta, wato ya fara juyowa ɓangaren mutane. Alƙaliyar wata matashiya ce da a shekaru ya isa ya haife ta, nan take ta daka mishi tsawa ya tsaya, ta sa ya sauke harsashi, ta ce gasarshi ta yau ta ƙare. Bawan Allahn nan bai ce uffan ba, ya zuge jakarshi, ya dawo ya ɗauki gwangwanin fenti ya ci gaba da taya mu har aka tashi. Na daɗe ina tunanin wannan abu, don a wajenmu da an fara ji kin san ko ni waye, a kira wane a waya, a ce a yi haƙuri a bar shi ya ƙarasa, kuma a irin wannan haƙurin ne ake rasa rai.

Akwai abubuwan da basu min daɗi ba, kuma zan faɗa. Jiran ya yi yawa, ka wuni a fili amma in aka tara ainihin lokacin da ka yi kana harbi bai wuce 'yan mintoci ba, ga rukuninmu an cika shi da mutane fiye da kima, ga rumfa ɗaya tal a ranar Texas wadda bata da maraba da tamu ta watan Afrilu. Bayanin da ake wa sababbi da safe ma an yi shi a gurguje da Turancin nan nasu na hanci, in ba don ƙanina ya maimaita min da Hausa a mota ba da rabin abin ya wuce ni, kuma wannan ba wurin da ya kamata a yi gaggawa bane sam. Sai tsadar harsashi, wanda ya yi tashoshi takwas cur yana buƙatar 195 in bai kuskure ko ɗaya ba, shiyasa masu 9mm ke kuka mu 'yan .22 muna da sauƙi. Rajista da maki kam ba laifi, duk ta manhajar PractiScore ake yi, kana gama tasha a nuna maka lokutanka a kwamfutar hannu ka amince, kafin mu isa gida sakamako ya fito.

Masu tambaya ko za a iya yi a nan, a'a. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun bindigogi, lasisinta sai daga shugaban ƙasa, kuma ni ban dawo da ko kwanson harsashi ba. Balle mu da 'yan uwanmu na Batsari da Jibiya da Safana da Faskari suka sha abinda suka sha, ƙarar bindiga a wurinsu kuka ce, ban isa in zo ina musu tallar wasa da ita ba.

Amma na nuna wa wani kawuna a Daura bidiyon, yana cikin masu riƙe bindigar gargajiya a hawan Sallah, ya kalla shiru sannan ya ce, "Ɗana, maido min wurin da yarinyar nan ta leƙa cikin bindigar." Na ce to Kawu, na mayar. Ya ce abinda yake fama da yaransu kenan, a ɗura albarushi a cikin taro ana hira bakin bindiga na kallon ƙafar wani, kuma rabin sa'anninshi yanzu sai ka ɗaga murya suke ji. Wannan ɓangaren kam mafarautanmu da 'yan sintiri zasu iya ɗauka gobe ba tare da an sayi komai ba in banda abin toshe kunne.

Ɗalibanmu da ke can waɗanda takardunsu suka cika, ku je ku gwada, ku fara da .22, ku faɗa musu tun a ƙofa cewa ku sababbi ne zasu haɗa ku da mai kula da ku. Ku tafi da gidan harsashi biyar don kar ku riƙa tsayar da layi kuna ɗurawa, da harsashi fiye da lissafinku, da hula da ruwa mai yawa, da 'yar sallaya kuma don azahar a can zata same ku.