Kafin ka kashe kuɗi kan gwajin ƙwaƙwalwar mai shanyewar ɓarin jiki

A Kano in mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki hankalin ƴan uwa duk yana kan hannu da ƙafa, a kai shi gashi a asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala, amma mantuwa da saurin rikicewa sai a ce ai tsufa ne ko iska. In kuma yana da cutar ƙanjamau abin ya zama biyu, don ita ma tana taɓa tunani ko da ana shan magani. To da me za a auna?

Mafi sauƙi shi ne gwajin takarda, MoCA, maki 30, minti goma likita ya gama, daga 26 zuwa sama ana cewa lafiya lau. Biro da takarda kawai. Matsalarsa boko, za a ce ka haɗa 1 da A, 2 da B, ka zana agogo ƙarfe sha ɗaya da minti goma, to dattijon da ya yi allo ya sauke tun yana yaro zai iya faɗuwa alhali kansa garau yake wallahi. Ku tambaya ko akwai MoCA-Basic, don masu ƙarancin karatun boko aka yi shi.

Masu ƙanjamau akwai nasu, IHDS, maki 12, a ba ka kalma huɗu ka riƙe sannan ka dinga buga babban yatsa da manuni da sauri. In hannun da za a gwada shi ne ya shanye maki zai zube kuma ba laifin ƙwaƙwalwa ba ne.

Nan robot, wato injin gwaji mai haɗe da kwamfuta, ya fi su. Mara lafiya zai riƙe mariƙi yana bin layi ko tuna jerin wurare a fuskar kwamfuta, injin yana auna sauri da kuskure da ƙarfin hannu duk lokaci ɗaya, sai a rarrabe raunin hannu da na tunani, kuma in an dawo bayan wata uku ma'auni ɗaya ne ba ra'ayin mutum ba. Akwai Kinarm na ƙasar Kanada mai tsadar gaske, akwai Haptic TheraDrive na Jami'ar Pennsylvania a Amurka wanda aka yi shi da araha aka gwada a Botswana. Amma dukkansu kayan asibiti da bincike ne, sai da tsayayyiyar wuta ko sola da mai gyara.

Abin da ya fi damuna shi ne safar hannun nan mai hura iska da ake talla a intanet da sunan robot. Tana buɗe yatsu tana rufewa, shi ke nan aikinta, ba ta auna tunani ko kaɗan. Ni dai shawarata ku fara da ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya yi na takarda, ku faɗa masa iya karatun da Baba ya yi da hannun da ya shanye, sauran kuɗin ya tafi maganin hawan jini da kuɗin adaidaita zuwa gashi.